KWAKWA: BISHIYAR DA BA TA TSORON GISHIRI

Gabatarwa

Kowane ɗalibi a makarantar nan ya san mai tallar kwakwa. Da an tashi tara za ka gan shi a bakin ƙofa da tirensa, ya yanyanka farar kwakwa ya jera, yana yayyafa mata ruwa domin kada ta bushe, ga dabino da aya a gefe guda. Mukan saya, mu tauna, mu koma aji. Amma wata rana da na ce wa 'yan aji huɗu kowa ya zana mini bishiyar da take haifar wannan abu, sai yawancinsu suka zana giginya, waɗansu kuma dabino. Mutum uku ne kaɗai suka ce sun taɓa ganinta da idonsu, su ma a Legas ne lokacin hutu.

Ɗaya daga cikin ukun nan ita ce ta yi tambayar da ta sa na rubuta wannan darasi. Ta ce, "Malam, a garinmu duk inda kanwa ta fito a gona, ko ciyawa ba ta tsirowa. To, yaya aka yi na ga kwakwa tsaye cikin rairayi a bakin teku, ruwan gishiri yana dukan gindinta, ga ta kuwa kore shar, da 'ya'ya fal?"

Tambayar tana da ma'ana ƙwarai, amsarta kuma ta shafi ilimin halittu, da na noma, da labarin ƙasa, har da tarihi. Bari mu bi ta daki-daki.

Danginta Da Siffarta

Masana tsirrai suna kiran kwakwa Cocos nucifera. Danginsu ɗaya da dabino, da giginya, da goruba, da kwakwar manja, saboda haka waɗanda suka zana giginya ba su yi nisa da gaskiya ba. Dukansu ba su da rassa irin na tsamiya ko ɗorawa, in ban da goruba wadda takan rabu. Gangar jiki ɗaya ce, da tulin ganye a ka.

Akwai manyan iri biyu. Doguwar kwakwa takan kai tsawon mita 30, takan fara haihuwa bayan shekara 6 zuwa 10, tana kuma iya yin shekara 60 zuwa 80 tana ba da 'ya'ya. Gajeruwar kwakwa kuwa takan fara haihuwa da wuri, bayan shekara 3 ko 4, amma ba ta daɗewa kamar doguwar. Ganye ɗaya yakan kai mita 4 zuwa 6. Kusan kowane wata bishiyar takan fitar da sabon ganye, daga hammatarsa kuma fure ya fito. Daga fure zuwa nunar ɗa kuwa, wajen wata 12 ne. Wannan ya sa a kan bishiya ɗaya, a rana ɗaya, za ka ga fure, da ƙananan 'ya'ya, da ɗanyu, da nunannu. Kwakwa ba ta da kaka irin ta gero ko dawa. Bishiyar da ta sami kulawa takan ba da 'ya'ya 50 zuwa 80 a shekara.

Saiwarta ma dabam take. Ba ta da uwar saiwa mai nutsawa can ƙasa kamar ta gawo. Abin da take da shi dubban saiwoyi ne masu kaurin fensir, waɗanda suke fitowa daga gindi su bazu ko'ina. Yawancinsu ba su wuce zurfin mita ɗaya da rabi ba, amma suna miƙewa mitoci da dama a kewaye. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Me Ya Sa Gishiri Yake Kashe Shuka?

Kafin mu gane ƙarfin kwakwa, sai mun gane abin da gishiri yake yi wa sauran shuke-shuke.

Shuka ba ta da baki. Ruwa yana shiga saiwarta ne ta wata siririyar fata mai kama da rariya. Ƙa'idar ita ce, ruwa yakan bar wurin da abubuwan da suka narke a cikinsa suke kaɗan, ya ratsa fatar nan zuwa wurin da suke da yawa. Wannan shi ne abin da littafinku na ilimin halittu yake kira osmosis. A gona mai kyau, ruwan da yake cikin saiwa ya fi na cikin ƙasa kauri, saboda haka ruwa yakan shiga saiwa. Amma idan gishiri ya yi yawa a ƙasa, sai al'amarin ya juya, ruwa ya riƙa fita daga saiwa yana komawa ƙasa. Shukar takan mutu da ƙishirwa alhali gindinta a jiƙe yake. Kowace mace da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko gauta ta ga ruwa yana tsattsafowa, ta riga ta ga wannan ƙa'ida da idonta.

Illa ta biyu ita ce guba. Gishirin da muke ci haɗin sinadari biyu ne, sodiyam da kuloraid. Idan suka taru da yawa cikin ganye, sai bakin ganyen ya ƙone, shukar ta kasa yin abincinta.

Ruwan teku kuwa yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, watau kamar cikin babban cokali biyu. Masara, ko wake, ko tumatir, in aka yi musu ban ruwa da shi, kwana kaɗan za su yi.

Yadda Kwakwa Take Zaune Lafiya A Bakin Teku

Abu na fari da ya kamata mu gyara shi ne zaton da mutane da yawa suke yi, wai kwakwa ruwan teku take sha. Ba haka ba ne. Jimre wa gishiri take yi, amma ruwan daɗi take nema kamar kowace shuka. Ga hanyoyi huɗu da suke taimakonta.

1. Ruwan daɗi da yake ɓoye ƙarƙashin rairayi. Sa'ad da aka yi ruwan sama a bakin teku, nan da nan yakan nutse cikin rairayi. A can ƙasa sai ya tarar da ruwan gishiri wanda ya kutso daga teku. Amma ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi: lita ɗaya ta ruwan daɗi giram 1,000 ce, ta ruwan teku kuwa wajen giram 1,025. Don haka ruwan daɗi yakan kwanta a bisa na gishiri, kusan kamar yadda mai yake kwanciya a kan miya. Shi ya sa mutanen ƙauyukan bakin teku sukan haƙa rijiya marar zurfi kusa da gaɓa su sami ruwan sha. A nan ne amfanin saiwoyin kwakwa yake bayyana. Tun da yake a sama-sama suke bazuwa, cikin wannan ruwan daɗi suke zaune. Da a ce tana da uwar saiwa mai zurfi, da a ƙananan tsibirai kai tsaye za ta faɗa cikin ruwan gishiri.

2. Saiwa mai tauri. Saiwar kwakwa ba ta da 'yan gasun nan masu laushi da muke gani a saiwar wake. Fatarta mai kauri ce, ɗan wurin da yake bayan kan saiwar ne kawai yake tsotson ruwa. Idan teku ta yi ambaliya ta malale gindinta na ɗan lokaci, takan jimre har ruwan ya janye, ruwan sama kuma ya wanke gishirin, gama rairayi ba ya riƙe shi kamar laka. Abin da kwakwa ba ta so shi ne ruwan da ya kwanta wuri ɗaya ba ya motsi, ko da na daɗi ne, domin saiwarta tana bukatar iska.

3. Ganye mai santsi. Iskar bakin teku cike take da feshin gishiri, wanda yake ƙone ganyen yawancin itatuwa. Ganyen kwakwa kuwa yana da kauri, da wani abu mai kama da kakin zuma a bayansa. Gishiri yakan zauna a kai ne kawai, da an yi ruwa ya wanke. Ganyen a tsattsage yake kamar gashin tsuntsu, iska tana ratsawa, gangar jikin kuma takan tanƙwara ba tare da ta karye ba. Wannan ya sa takan tsira daga iskar da take tumɓuke manyan itatuwa.

4. Bukatar kuloraid. Wannan ita ce ta fi ban mamaki. Yawancin shuke-shuke ɗan ƙanƙanin kuloraid suke bukata, amma kwakwa tana bukatarsa da yawa. Yana taimaka mata wajen buɗewa da rufe 'yan ƙofofin numfashi da suke ganyenta, yana kuma ƙara kaurin farar tsokar da muke ci. A ƙasar Filifin, hukumar kula da kwakwa tana ba manoman da gonakinsu suke nesa da teku shawara su zuba gishirin abinci, kilo 1 zuwa 2 a shekara, a kewayen kowace bishiya mai haihuwa, a matsayin taki. Abin da yake guba ga masara, ga kwakwa abinci ne, in dai bai wuce kima ba. Amma ina jan kunnen 'yan ƙungiyar matasa manoma: kada kowa ya gwada wannan a gonar makaranta.

Ɗan Da Yake Tafiya A Kan Ruwa

Abin da mai talla yake kawo mana ba cikakken ɗan kwakwa ba ne, an riga an feɗe shi. Cikakken ɗa yana da sassa kamar haka: fata mai santsi wadda ruwa ba ya ratsawa, ɓawo mai kauri mai zare-zare, cike da iska, ƙoƙo mai tauri, farar tsoka, sa'an nan ruwa a tsakiya. Ɓawon nan yana hana ɗan fashewa in ya faɗo daga sama, yana kuma sa shi yin iyo. A shekarar 1941 wani masani mai suna Edmondson ya buga sakamakon gwajin da ya yi a tsibiran Hawai, inda ya nuna cewa kwakwar da ta yi har kwana 110 a kan ruwan teku tana iya tsirowa bayan an shuka ta.

Ku dubi ƙoƙon kwakwa da kyau, za ku ga idanu uku a gefe guda. Biyu a toshe suke, ɗaya kuwa mai laushi ne. A ƙarƙashin mai laushin nan ne ƙwayar tsiro take kwance. Sa'ad da ta fara tsirowa, wani abu fari mai kama da soso yakan kumbura a ciki, ya shanye ruwan, ya riƙa narkar da tsokar yana ciyar da tsiron. Ana cin wannan soso, yana da zaƙi. Wanda ya san yadda ake binne 'ya'yan giginya a sami muruci, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Watau ɗan kwakwa da guzurinsa yake tafiya, ga ruwa ga abinci. Ko da igiyar ruwa ta jefa shi kan busasshen rairayi, yana da abin da zai rayu a kai watanni da dama kafin saiwarsa ta kai ga ruwan daɗin da muka ambata.

Daga Ina Ta Fito?

Ko da yake kwakwa tana iyo, mutane ne suka fi teku yaɗa ta. A shekarar 2011 waɗansu masana suka bincika ƙwayoyin gado na kwakwa fiye da 1,300 daga sassan duniya. Suka tarar gida biyu ne: na Tekun Pasifik, wanda aka fara nomansa a tsibiran kudu maso gabashin Asiya, da na Tekun Indiya, wanda aka fara nomansa a kudancin Indiya, da Siri Lanka, da tsibiran Maldib. A Madagaska da gaɓar Afirka ta Gabas sun sami gaurayen gidajen biyu, abin da ya dace da tarihin matuƙan jiragen ruwa na Asiya da 'yan kasuwar Larabawa da suka yi ta zirga-zirga a wannan yanki.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya zauna a tsibiran Maldib wajen shekarar 1343, har ya yi alƙalanci a can. A labarin tafiyarsa ya kwatanta ɗan kwakwa da kan mutum, ya kuma bayyana yadda ake samun madara, da mai, da igiya daga gare ta. Shi ne kuma bayan shekara goma ya ziyarci Mali da Takedda, wadda take cikin ƙasar Nijar ta yau. A lokacin nan kwakwa ba ta iso gaɓar Afirka ta Yamma ba tukuna.

Turawan Fotugal ne suka kawo ta wannan gefe, bayan Vasco da Gama ya kewaye Afirka ya isa Indiya a 1498. Suka dasa ta a tsibiran Kef Bad da gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan kuma ta haye zuwa Birazil da tsibiran Karibiyan cikin ƙarni na 16. Su ne suka sa mata suna "koko", domin idanun nan uku sun yi musu kama da fuskar dodo.

A Nijeriya, garin da ya fi suna wajen kwakwa shi ne Badagiri a Jihar Legas. A shekarar 1876 'yan mishan na Katolika suka kafa tasha a Topo, kusa da Badagiri, inda suka yi babbar gonar kwakwa, daga nan nomanta ya ƙara bazuwa a yankin. Ana kuma samunta a gaɓar Akwa Ibom, da Ribas, da Bayelsa, da sauran jihohin kudu. Kakanninmu kuwa sun san ta da sunan "kwakwar Attagara", domin a bambanta ta da kwakwar manja. Attagara tana wajen Idah ne a bakin kogin Kwara, sunan kuwa yana tuna mana hanyar da fatake suke bi da ita zuwa arewa. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, wadda take kusa da Benin, ita ce take kula da binciken kwakwa a reshenta na Badagiri, kamar yadda take kula da na dabino a reshenta na Dutse a Jihar Jigawa.

A duniya baki ɗaya ana samun kwakwa fiye da tan miliyan 60 a shekara. Indonesiya, da Filifin, da Indiya, su uku kaɗai suke noma kusan kashi 70 cikin 100. Abin da Nijeriya take nomawa ba ya isarta, shi ya sa 'yan kasuwarmu suke zuwa har Ghana su sayo. Mai yiwuwa ne yankin da ka ci jiya a bakin ƙofa ya ƙetare iyakar ƙasa uku kafin ya iso hannunka.

Amfaninta

Mutanen Filifin suna kiranta bishiyar rai, mutanen Malesiya kuma bishiya mai amfani dubu. Ga kaɗan daga ciki.

Ruwa: ɗanyar kwakwa mai wata 6 ko 7 tana cike da ruwa mai tsabta, mai ɗan zaƙi, mai sinadarin potasiyam. Ga mazaunin ƙaramin tsibiri ko matuƙin jirgin ruwa, wannan tulu ne wanda aka rufe tun daga kan bishiya.

Tsoka: ana cinta ɗanya, ana yin alawa da ita, ana sa ta cikin kunun aya. In aka kankare ta aka matse sai a sami madara, wadda ake dafa shinkafa da ita. Ku lura, ruwan kwakwa dabam, madarar kwakwa dabam.

Mai: busasshiyar tsoka, wadda ake kira kwafra, fiye da kashi 60 cikin 100 nata mai ne. Ana girki da shi, ana yin sabulu da man shafawa. Yakan daskare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Selshiyas, shi ya sa da hunturu za ka ga ya yi fari ya sandare a kwalba. Ba lalacewa ya yi ba. Amma yawancinsa irin kitsen nan ne da likitoci suke cewa a ci daidai wa daida.

Ɓawo: daga zarensa ake yin igiya, da tabarmar goge ƙafa, da buroshi, da cikon katifa. Igiyar ba ta saurin ruɓewa a ruwan gishiri. Da ita mutanen Tekun Indiya suke ɗinke katakon jiragensu a zamanin dā, ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Jihar Kerala ta Indiya ta yi suna a wannan sana'a.

Ƙoƙo: ana yin ludayi da kwano da shi. Gawayinsa kuma, in an sarrafa shi, ana tace ruwan sha da shi.

Ganye da gangar jiki: ana yin jinka, da tsintsiya, da kwando da ganyen, gangar jikin kuma ana yin rufi da ita kamar azara.

Bayan waɗannan duka, saiwoyinta suna taimakawa wajen riƙe rairayin gaɓa, tana kuma ba da amfani a wurin da kusan babu wani abin da manomi zai iya shukawa.

Me Ya Sa Ba Ta Cika Yi A Arewa Ba?

Ba rashin teku ba ne, gama a Indiya ana nomanta nesa ƙwarai da gaɓa. Abin da take so shi ne ruwan sama milimita 1,500 zuwa 2,500 wanda ya bazu cikin shekara, da zafi wajen digiri 27, da iska mai laima. A Kano ruwan shekara ba ya cika kai milimita 1,000, shi ma cikin wata huɗu ko biyar yake sauka. Sa'an nan ga hunturu mai busar da fure. A Jos akwai ruwa fiye da na Kano, amma tudun ya kai wajen mita 1,200, sanyinsa ya yi mata yawa. Akan ga ɗaiɗaiku a gidajen da ake ba su ruwa kullum, sai dai haihuwarsu ba ta kai ta kudu ba. 'Yar'uwarta dabino kuwa akasin haka take, busasshiyar iska take so domin 'ya'yanta su nuna. Kowace da mazauninta.

Abokan Gābanta

Kada jimrinta ya ruɗe mu mu ɗauka babu abin da yake iya mata. Bishiyar da ta gagari gishiri da iska, wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani tana kashe ta cikin 'yan watanni. Alamun cutar su ne: 'ya'ya su zube tun ba su nuna ba, fure ya yi baƙi, ganye ya yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, a ƙarshe kan ya faɗi, a bar gangar jiki tsaye kamar falwaya. An ga irin wannan cuta a yankin Awka na Nijeriya tun 1917. A Ghana ta ɓulla a 1932 a wajen Keta, ta kai yammacin ƙasar a 1964, ta hallaka gonaki masu yawa, ta jefa ƙauyukan da suka dogara ga kwakwa cikin talauci. Ta kuma yi ɓarna a Togo da Kamaru. A Jamaika 'yar'uwar wannan cuta ta kashe miliyoyin bishiyoyi cikin shekarun 1960 da 1970. Manomi ba shi da maganin da zai warkar da gonarsa. Abin yi shi ne a sare waɗanda suka kamu da wuri, a kuma dasa iri mai jimre wa cutar. Masana a Ghana sun haɗa gajeruwar kwakwa ta Siri Lanka da doguwa ta tsibiran Banuwatu, suka sami irin da ya fi jimrewa.

Akwai kuma wani babban ƙwaro baƙi mai ƙaho, wanda yake huda kan bishiyar ya ci sabon ganye. Tun da yake wurin tsiro ɗaya tak kwakwa take da shi, in ya lalace, shi ke nan.

Guguwa ma tana da iyakar da kwakwa ba ta iya jimrewa. A watan Nuwamba na 2013 guguwar Haiyan ta lalata bishiyoyin kwakwa fiye da miliyan 30 a Filifin. Wanda guguwa ta lalata wa shinkafa zai sake girbi bayan 'yan watanni, amma mai kwakwa sai ya jira shekaru.

Sai kuma teku kanta. A wurare da dama na gaɓar Afirka ta Yamma, kamar Keta da sassan Legas, teku tana cin ƙasa, ɗibar yashi domin gini kuma yana ƙara tsananta abin. Haka nan in aka yawaita jan ruwan rijiyoyi a bakin teku, ruwan daɗin nan da yake kwance a sama yakan ragu, na gishiri ya taso ya maye gurbinsa. In haka ta faru, rijiyar mutane da saiwar kwakwa tare suke shan wahala.

Matsala ta ƙarshe ita ce tsufa. Bishiyoyi da yawa a Badagiri da ƙasashen Asiya sun tsufa, haihuwarsu ta ragu, ba a kuwa dasa sababbi yadda ya kamata ba. Dalili ɗaya shi ne yawancin masu noman kwakwa ƙananan manoma ne, ribar kuwa takan tafi ga dillalai da masana'antu. Abin ya zama kamar yadda ake yi wa giginya kirari, na nesa ka sha inuwarki. Manomin da bai ga riba ba, da wuya ya dasa abin da sai bayan shekara 6 zai fara ci.

Kammalawa

Yanzu muna iya ba 'yar'uwarmu amsa. Kwakwa tana zaune lafiya a bakin teku domin saiwarta tana shan ruwan daɗin da yake kwance bisa na gishiri, saiwarta da ganyenta suna da kariya, jikinta kuma yana amfani da wani sashe na gishirin. Amma jimrinta yana da iyaka, ba kuwa za ta ɗore ba sai mutane sun kiyaye gaɓar teku, sun kuma ci gaba da dasa sababbi.

Mu da muke arewa ma akwai abin lura a nan. Gonakin ban ruwa, in ba a yi musu magudana mai kyau ba, rana takan ƙafar da ruwan ta bar gishiri a sama, har ƙasar ta yi fari ta daina ba da amfani. Waɗansunku za su zama malaman gona da masana tsirrai. Sanin yadda shuka take jimre wa gishiri yana cikin ilimin da za a nema a hannunku. Kafin nan, duk wanda hutu ya kai shi kudu, ya je ya tsaya a gindin kwakwa ya duba abubuwan nan da kansa, gama gani ya kori ji.

Gwaji Domin Aji

(a) Ku yanka dankali yanka biyu daidai da juna. Ku sa ɗaya cikin ruwan rijiya, ɗaya kuma cikin lita ɗaya ta ruwa da aka narkar da gishiri giram 35 a ciki. Bayan awa biyu ku lanƙwasa kowanne, ku rubuta bambancin da kuka gani.

(b) Ku cika rabin gilashi da ruwan gishiri mai kauri. Ku rina ruwan daɗi da ɗan zoɓo, ku zuba shi a hankali ta bayan cokali. Wanne ne ya kwanta a sama?

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi biyu da gishiri yake cutar shuka.
2. Me ya sa ba daidai ba ne a ce kwakwa ruwan teku take sha?
3. Zana cikakken ɗan kwakwa da aka raba biyu, ka nuna sassansa biyar da aikin kowanne.
4. Ta wace hanya kwakwa ta iso Afirka ta Yamma?
5. Kwatanta yanayin da kwakwa take so da wanda dabino yake so.
6. Da kai ne malamin gona a Badagiri, wace shawara za ka ba manomin da bishiyoyinsa suka tsufa?